Bayan Buhunan Gawayi

Ni Marovavy ban taɓa haihuwa ba, ko ɓari ban taɓa yi ba, amma ranar da na taka jirgin Botovelo a bakin ruwan Mananjary, da jaririya a ƙirjina na shiga, ina jan ƙafa a hankali irin na mai jego. Shekarata arba'in da huɗu. Wani mai dakon kaya ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Inna, ke da wa kuka yi wannan aikin?" Na ce masa ni da ubanka. Aka kwashe da dariya, aka matsa mini wuri a goshin jirgi kusa da jarkokin mai, na zauna.

Can bayan kamar rabin awa ƙanwata Zafitsara ta shigo, ita ma da tata jaririyar, ta wuce baya kusa da inji. Ba ta kalle ni ba, ban kalle ta ba. Haka muka shirya tun daga gida.

Kwana goma sha shida ke nan da ta haifi tagwaye a ɗakina, duka mata, Noro da Vony. A wajenmu tagwaye fady ne, kakanni sun hana. Ba a rainonsu a gida, ba a shiga da su jirgi. Mijinta bai zage ta ba, kuka ma ya yi, amma ya ce ta kai su inda ake kai irinsu ta dawo ɗakinta. Ta ce sai dai ɗakin ya rushe. Ni kuwa na ce to, mu tafi Toamasina wurin gwaggonmu, can birni ne, babu mai ƙirga 'ya'yan wani. Ruwan sama ya cinye hanyar mota, saura hanyar ruwa, kwana biyar ko shida in inji bai yi gardama ba.

Da a ce mun shigo a matsayin ya da ƙanwa, kowacce da ɗanyen goyo, ko mahaukaci ya gane, wannan dabarar ta tsufa. Shi ya sa muka zama baƙin juna. Na saƙa huluna biyu, ja da fara. Mai jar hula tawa ce, mai farar hula ta Zafitsara. A tsakiyar jirgi an jibge buhunan gawayi sun fi tsayin mutum, an rufe da tamfol, kuma akwai wani ɗan lungu a bayansu inda mata ke zagayawa su tsuguna da gwangwani. Nan za mu riƙa haɗuwa sau uku ko huɗu a wuni, mu musanya yara, mu musanya huluna, kowa ta koma mazauninta. Wadda ke hannun uwar ta sha ta ƙoshi a gaban kowa. Wadda ke hannuna in cusa ta cikin zane in ba ta busasshen nonona ta tsotsa, ta jira nata lokacin. Yaran kamarsu ɗaya sak, sai dai Vony ta fi sauƙin ɗauka, kuma ba ta cika kuka ba.

Ranar farko komai ya tafi daidai, har na fara jin kaina wata gwana. Jirgi na ta bubbuga yana kutsawa, teku na ruri a hannun dama bayan tudun yashi, yara a kwale-kwale suna kawo mana ayaba da masar shinkafa. Mu wajen arba'in ne a ciki, ban da kaji da buhunan kanumfari da suka cika mana hanci. Botovelo mai jirgi mutum ne mai faɗin ƙirji da guntun wuya, ba ya ihu, kuma mutumin yankinmu ne, abin da ya fi damuna ke nan. Kafin mu shiga kowane tafki sai ya tsayar da inji, wani tsoho mai suna Velomaro ya tsiyaya giyar rake a ruwa ya roƙi hanya, kowa ya cire malafarsa. Ni ma nakan sunkuyar da kai.

Matsalarmu mutumiyar kirki ce. Sunanta Kalozafy, mai sayar da busasshen kifi, ƙatuwar mace mai murya kamar ta maza, ta haifi tara ta binne uku. Tana ganin Zafitsara ita kaɗai da jaririya sai ta ɗauke ta 'ya. Ta shimfiɗa mata tabarma, ta dafa mata romon ganyen rogo don nono ya kawo, ta hana ta ɗaga ko kofi. Ina jiyo ta daga inda nake.

"Haihuwar fari ce ko? Ai na gani. Riƙe kan da kyau, 'yar nan, ba kabewa ba ce. Ina uban?"

"Yana Toamasina, Inna."

"Duk can suke, 'yan banza. Ci, ci, kar ki ba ni haushi."

Da ta leƙo gaba neman wuta, ta tsaya a kaina ta ce, "Ke kuma uwar tsufa, naki nonon yana kawowa kuwa?" Na ce har yana zuba. Ta ce Allah ya ƙara, ta wuce. Na bi bayanta da harara, alhali ba ta yi mini komai ba.

Rana ta biyu muka yi kuskuren. Da hantsi muka haɗu a lungun, muka kwantar da yaran biyu a kan buhu. Na sauya musu huluna, sai na ji tari, na juya na leƙa ko wani ne ke zuwa. Kafin in juyo Zafitsara ita ma ta sauya, ba ta san na riga na yi ba. Kowa ta ɗauki launinta muka rabu da sauri. Ashe Vony ce ta dawo hannuna, wadda tun asuba ba ta ga nono ba. Da rana Kalozafy ta biyo Zafitsara har lungun wai za ta riƙe mata yarinya, haɗuwar ba ta yiwu ba. Ni kuma ina zaune ina cewa kai, yau Noro ta yi hankali, ba ta ko motsi. Sai da yamma da muka tsaya a Nosy Varika na ɗaga ta sama in gyara zane, na ji ba nauyin Noro ba ne. Gabana ya faɗi. Wuni guda cur ke nan.

A lungun na ce, "Ke wace irin uwa ce da ba ki san wadda ke bakin nononki ba?"

Ta ce, "Yaya, ke da kika wuni da ita a ƙirji fa?"

Muka sauya, Vony ta kwana wurin uwarta, an ce ta sha kaɗan ta yi barci. Noro kuwa ta hana goshin jirgi sakat da tsala ihu, har wani ya ce in ba zan iya da ita ba in sayar. Don haka gari na wayewa muka sake sauyawa, Vony ta dawo wurina, da niyyar kafin rana ta yi tsaka in mayar da ita.

Ba mu yi awa biyu da tashi ba jirgi ya yi wata ƙara daga ƙasa, ya yi gaba da mu kamar an hankaɗe mu, ya tsaya cik. Wurin matsattse ne, kainuwa ta rufe ruwa shar, yashi kuma ya taru a ƙarƙashinta babu wanda ya gani. Botovelo ya ba inji wuta, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, jirgi ko gezau. Maza suka tuɓe suka faɗa ruwa, suka tura, suka sa gora, suka zagi juna. Sai na ji Botovelo ya ce, "A sauke gawayin."

Wayyo ni. Ina zaune ina kallo aka kwashe buhunan nan ɗaya bayan ɗaya aka jera a kan yashi a kwance, don kada su gangara. Kafin azahar tsakiyar jirgi ta zama fili fetal, daga inda nake ina hango Zafitsara, ita ma tana hango ni. Bakin ruwan kuwa yashi ne tsirara da 'yan ciyayi iya gwiwa, babu gari, babu bukka. Daji na can nesa kaɗan, kuma aka ce akwai kada a wajen, don haka mata sai a ayari ake zuwa. In Zafitsara ta tashi, Kalozafy ta karɓe yarinyar ta ce, "Je ki, bar mini ita, ba a kai jariri bakin daji."

Na dafa ruwan ƙanzo na bar shi ya huce, ina ɗiga wa Vony da yatsa. Ta lasa, ta yamutsa fuska. Na sa sukari, ta ɗan karɓa, can kuma ya fito ta ƙasa kamar yadda ya shiga. Rana ta buɗe sosai, ƙarfen jirgi ya yi zafi har ba a iya dafa shi. Na lulluɓe ta da zane, na fifita da malafa, na ba ta nonona ta ja ta ja ta saki. Na rantse ban taɓa tsanar jikina irin na ranar ba.

Da la'asar na sauka wanke tsumma, Zafitsara ta zo ta tsuguna nesa da ni kamar taku uku, tana cuɗa nata. Ba ta ɗago ba ta ce, "Yaya, ba ni ita."

"A nan? Kin makance ne? Dubi maza a ruwa."

"Rigata ta jiƙe. In ta yi kuka daga can ina ji a nan." Ta dafa ƙirjinta.

"Ki yi haƙuri zuwa anjima. Jirgin ya kusa motsawa, za a mayar da buhu."

"In bai motsa ba fa?"

"In suka gane, a nan za su zubar da mu. Kin ga gari? Kin ga hanya? Mu huɗu za mu mutu, ba ɗaya ba. Ki tashi ki koma, tana kallonmu."

Ta tashi. Tun tana ƙarama in na ce ta zauna sai ta zauna, ni na goye ta bayan rasuwar innarmu. Da ma ranar ta yi mini taurin kai.

Jirgi bai motsa ba. Tsoho Velomaro ya tsiyaya giya har sau uku, ya kira sunayen kakannin da ya sani, sannan ya hau kan jirgi ya ce shekara talatin yana bin wannan hanya, ruwa ba ya riƙe mutane haka kawai. Wani ya shigo da abin da ruwa ba ya so. Aka ce naman alade ne. Aka bi kaya ɗaya-ɗaya ana kwancewa, kwando, ƙunshi, tukunya, har wani ɗan makaranta da ke komawa birni aka zazzage masa jaka yana ta rantsuwa. Da suka iso kaina na buɗe musu ƙunshina da kaina, na ce su duba har cikin zanena in suna so. Tsohon ya ce, "A'a, 'yata, Allah ya raya," ya shafa kan jar hular ya wuce.

Na sa rai da duhu, duhun bai yi mana rana ba. Maza suka kunna fitilu suka ci gaba da haƙar yashi a gefen jirgi, Kalozafy kuma ta sa Zafitsara a lungu ta tare ta da jikinta don kada sanyin ruwa ya kama mai jego. Haka gari ya waye.

Da safe Vony ta daina kuka. Tana buɗe baki, sauti ba ya fita. Leɓenta ya bushe, tsummanta tun jiya babu ɗigon fitsari. Na zame hular kaɗan na taɓa maɗigarta, na ji ta faɗa ciki. Duk da ban haifa ba na san wannan. Amma a daidai lokacin maza suka yi wata kururuwa, jirgi ya ja baya kamar kamu ɗaya, kowa ya miƙe yana tafi. Na hango Zafitsara ta zuba mini ido, na ɗaga mata hannu a ɓoye, na ce ta jira. Kamu ɗayan nan shi ke nan, jirgi ya sake zama. Na ce ta jira, jama'a, da hannuna na ce.

Rana na tsaka ana rabon shinkafa ta miƙe. Noro na kafaɗarta. Ta tsallake ƙafafun mutane, ta ratsa filin da gawayi ya bari, baƙin gari na manne mata a tafin ƙafa, Kalozafy na kiranta, "Ke, ina za ki? Abincinki zai huce." Ta zo ta tsaya a kaina, ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Yaya, ba ni 'yata."

Na ce, "Baiwar Allah, lafiya? Na san ki ne?"

"Yaya Marovavy, ki ba ni 'yata."

Ta zauna daɓas a kan jarka, ta buɗe riga, ta sa Noro a dama, ta fizge Vony daga hannuna ta sa a hagu. Hular ta faɗi. Fuska biyu a jere, hanci ɗaya, goshi ɗaya. Cokula suka tsaya. Na ji wata mata ta ja numfashi ta ce, "Tagwaye."

Kalozafy ce ta fara magana. Ta dubi hannayenta ta ce, "A jikina ta kwana. Kwana uku ina ɗaukarta." Ta sauka da gudu ta durƙusa a bakin ruwa tana dirzar hannu da yashi, tana kuka tana cewa, "Me na yi miki, 'yar nan? Me na yi miki ban da alheri? Ina da jikoki a gida!" Daga nan hayaniya ta ɓarke. Masu cewa a jefa mu ruwa, masu cewa kar a taɓa mu, ɗan makarantar nan yana cewa yashi ne kawai, yashi ne, wani ya ce ya rufe baki ko ya bi mu. Ni kuwa na miƙe na zage su tas, uwa da uba, na ce wanda ya fasa taɓa ƙanwata bai haifu ba. Bakina ke zagi, idona na kan Vony. Nono na bakinta, ba ta ja.

Botovelo ya hau daga ruwa, laka har ƙirji. Bai yi ihu ba. Ya ce, "Yaya, kin san abin da kika yi mini?"

Na ce, "Na sani. Ka kai mu Masomeloka kawai, akwai asibiti. Ka ga yarinyar."

"Da me zan kai ku? Jirgin ga shi." Ya share fuska. "Mutum arba'in na ɗauko. Ko na yarda, su ba za su sake sa hannu su tura ba muddin kuna ciki. Ku sauka, don Allah. Ku tsallaka tudu ta wajen teku, inda ba za a gan ku ba."

Na durƙusa masa, ni da ban taɓa durƙusa wa mijina ba. Na ce ya bar uwar da Vony, ni in sauka da ɗayar. Tsoho Velomaro ya girgiza kai ya ce ba a raba fady gida biyu, duk inda ɗaya take ɗayar na nan. Aka miƙo mana ƙunshinmu a bakin gora.

Muka hau tudun yashi muka gangara. Zafitsara na tafe tana matsa nono a bakin Vony, ko ƙasa ba ta kallo. Muka sami wata 'yar bishiya mai kaifin ganye muka raɓe. Can sai ga jarkar ruwa da ƙunshin shinkafa an ajiye a kan tudu, wanda ya kawo har ya juya, bayansa kawai na gani.

Mun yi duk abin da muka sani. Ta tatsa a cokali na ɗiga mata, ya gangaro ta gefen baki. Na buɗe bakin da yatsa, ta tatsa kai tsaye, ya taru a ciki bai wuce ba. Na shafa mata wuya, na hura mata fuska, na jiƙa tsumma na goge ta. Zafitsara na ta yi mata magana, "Sha mana, Vony. Ga shi na kawo. Yi haƙuri, na makara, ga shi. Duka naki ne, Noro ta ƙoshi." Sau ɗaya ta haɗiya, muka dubi juna, har na yi dariya. Ba ta sake ba. La'asar sakaliya ta ɗan miƙe ƙafa, ta saki yatsana.

Zafitsara ba ta yi kuka ba, ni ce na yi ta birgima a yashi kamar jaka. Da na gaji na ɗauki murfin tukunya na haƙa rami a gindin bishiyar, na zurfafa iya hannuna don kada ƙaguwa su tono ta. Muka naɗe ta a zanena mai kyau, wanda na ajiye don shiga birni. Babu dattijo, babu kabarin dangi, babu wanda zai gaya wa kakanni ga tasu nan tafe, in ma za su karɓa. Na ɗora duwatsun da na samu. Ƙanwata ta zauna a gefen ramin da Noro a cinya, ta ce, "Yaya, da jiya na karɓe ta, da ta sha." Ba da faɗa ta faɗa ba. Na so ta mare ni.

An yi ruwa can kan tsaunuka cikin dare, ko da yake mu ɗigo bai taɓa mu ba. Da hantsi muka ji inji ya tashi, muka ji sowa. Na leƙa ta kan tudu, na ga ruwa ya ƙaru, jirgi na lilo a kansa, ana mayar da gawayi. Kunya nake ji in faɗa, amma a raina na ce ashe gaskiyar tsohon ce, mu ne. Har yau ban gama fitar da wannan daga kaina ba.

Ina nan tsaye na ga Botovelo ya nufo mu shi kaɗai, malafarsa a hannu. Ya tsaya daga nesa, ya ga duwatsun, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Allah ya ba ku haƙuri." Ya juya malafar a hannunsa, ya ce, "Na yi magana da Baba Velomaro. Ya ce tunda yanzu ɗaya ce, babu laifi. Ku zo mu tafi."

Na rasa abin da zan jefe shi da shi. Na ɗebi yashi cike da hannu, na tsaya da shi. Sai na dubi Noro, na dubi jarkar da saura kaɗan, na dubi bakin teku da ya miƙe babu ko hayaƙin gida. Na zubar da yashin.

Na ce, "Zafitsara, tashi."

Ta ce, "Ba inda za ni. Wa zai zauna da ita?"

"Tashi, na ce."

"Ki je ke. Ai kin iya jira, ni ma zan jira."

Na sunkuya na zare Noro daga cinyarta, na juya na kama hawan tudu ban waiwaya ba. Na san abin da nake yi, kuma na san ba za ta yafe mini ba. Na kai rabi na ji ta ƙwalla ƙara, irin wadda ban taɓa ji daga bakin mutum ba, sannan na ji takunta a bayana, tana faɗuwa tana tashi.

Da muka shiga jirgi aka dare mana hanya. Wuri mafi kyau aka ba mu, ƙarƙashin rumfa, inda iska ke bugawa. Tsoho Velomaro ya tashi daga kan tabarmarsa ya ce mu zauna. Wata ta miƙo ayaba, wani ya ce a rage wa mai jego hayaƙi. Kalozafy ta zo da idanu a kumbure, ta ajiye kwanon shinkafa da kifi a gabanmu, ta tsuguna ta leƙa fuskar Noro, ta ce, "Kai, tubarkalla, yarinya kamar uwarta. Ci, 'yar nan, ki ci don nono." Da zuciya ɗaya take faɗa, duk cikinsu da zuciya ɗaya suke yi, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Zafitsara ba ta taɓa kwanon ba. Ni kwana biyu ban sa komai a cikina ba, na ja shi gabana na cinye tas, ina ci ina jin ƙyamar kaina. Jirgi ya kama hanya. Ta sa Noro a dama, ta juya fuska wajen tudun yashin har ya ɓace. Ɗaya nonon ya yi ta zuba shi kaɗai, ya jiƙa rigar, ya gangara kan zane, ya taru a ƙarfen jirgi kusa da ƙafata. Kalozafy ta miƙo tsumma ta ce in tare mata, kar ya lalace a banza.